Yi wa Kai Dariya: Matsayin Raha da Barkwanci Wajen Karɓar Kai da Lafiyar Hankali a Al'adar Hausawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da Hausawa ya san mutane ne masu son raha. A kasuwa, ko a tashar mota, ko a majalisar ƙofar gida bayan sallar isha'i, da wuya a daɗe ana hira ba a tsokani wani ba. Amma kuma al'ummar nan ita ce ta ɗauki kunya da mutunci da nauyi ƙwarai, har Kirk-Greene (1974) ya lissafa su cikin halayen da ake auna mutumin kirki da su, tare da gaskiya da amana da haƙuri da hankali da sauransu. Mai kunya ba ya son a gan shi cikin halin kasawa, mai mutunci kuwa ba ya yarda ya zama abin nuni. To, a tsakanin waɗannan biyu, ina Bahaushe yake samun sararin yi wa kansa dariya?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun daga farkon ƙarni na 20 masana halayyar ɗan'adam suke danganta iya yi wa kai dariya da natsuwar hankali, kuma shawarar ta fito daga littattafansu ta shiga shirye-shiryen wayar da kai a kan lafiya, inda ake fassara ta zuwa harsunan Nijeriya. Fassarar da ba ta lura da yadda harshe ya rarrabe ire-iren dariya ba tana iya sa mai sauraro ya ji kamar ana umartarsa da ya zubar da girmansa. Wannan maƙala za ta duba kalmomin da Hausa ta tanada a wannan fage, da abin da binciken masana ya tabbatar, sa'an nan da hanyoyin da al'ada ta shimfiɗa don koya wa mutum ɗaukar aibinsa da sauƙi.

2.0 Dariya a Ginin Jimla

Kalmar dariya suna ce, saboda haka sai ta jingina da wani aikatau kafin ta yi aiki a jimla. Zaɓin aikatau ɗin, da kuma wanda aka sanya a gurbin karɓau, su ne ke nuna wanda ya ci riba da wanda aka ci da shi. A dubi waɗannan misalai:

(1) Audu ya yi dariya.
(2) Audu ya ba Bala dariya.
(3) Audu ya yi wa Bala dariya.
(4) Audu ya yi wa kansa dariya.
(5) Audu ya mai da kansa abin dariya.

A (1) ba a taɓa kowa ba. A (2) dariya kyauta ce, an miƙa wa Bala ita ya ji daɗi. A (3) kuwa harafin wa (ko ma a karin harshen yamma) ya mai da Bala wurin da dariyar ta sauka, kuma kowane mai jin Hausa ya san akwai ƙaiƙayi a ciki. Jimla ta (4) ginin (3) gare ta, sai dai mai yin da wanda aka yi wa mutum ɗaya ne. Wato Audu ya rabu biyu: akwai Audun da ya yi kuskure, akwai kuma Audun da ya koma gefe yana kallonsa. Wannan komawa gefe ita ce gaba ɗayan maganar. A (5) babu Audu mai kallo. Ya miƙa kansa ne ga jama'a su yi yadda suka ga dama, shi kuwa bai riƙe komai ba. Ba a faɗin (5) a kan mutum don yabo.

Kalmar kai da ke nuna aikin da ya koma kan mai yin sa ta haifi sassan magana masu yawa da suka shafi yadda mutum yake ɗaukar kansa. Akwai girman kai da jin kai da son kai a gefe guda, akwai raina kai da wulaƙanta kai a ɗaya gefen, a tsakiya kuma ga kama kai da sanin ciwon kai da ƙasƙantar da kai. Abin lura, ƙasƙantar da kai yabo ne, domin daidai yake da tawali'u, alhali wulaƙanta kai zargi ne, ko da yake duka biyun sauka ƙasa ne. Bambancin shi ne na farko ya sauko da ƙafarsa, yana kuma iya komawa. (Ga masu nazarin sauti, jin kai da jin ƙai ba abin da ya raba su a rubuce sai lanƙwasar harafi ɗaya, amma na farko shi ke hana mutum yi wa kansa dariya, na biyu kuwa shi ke ba shi ikon yin ta.)

Haka nan Hausa ta rarrabe irin maganar da ke jawo dariya. Raha da barkwanci suna haɗa mutane. Zolaya da tsokana suna da ɗan yaji, amma a tsakanin waɗanda suka saba. Daga ba'a zuwa izgili an shiga raini, zambo da habaici da gatse kuwa makamai ne. A ɓangaren fuska ma akwai murmushi, akwai ƙyalƙyala da tuntsirewa, akwai kuma yaƙe, wato buɗe haƙora ba tare da zuciya ta buɗe ba. Za a komo kan yaƙe a gaba.

3.0 Abin da Masana Halayyar Ɗan'adam Suka Gano

Sigmund Freud ya wallafa littafi a kan barkwanci a 1905, amma gajeriyar maƙalarsa ta 1927 ita ta fi dacewa da wannan zance. A ciki ya kawo misalin mai laifin da ake kai shi wurin rataya ranar Litinin, ya dubi masu rakiyarsa ya ce lallai makon nan ya fara da kyau. A ganin Freud, mutumin bai musanta abin da ke gabansa ba, ya dai ƙi yarda abin ya murƙushe shi. Ya bayyana cewa a irin wannan lokaci, sashen zuciya da ya saba tsawata wa mutum shi ne yake sassauta murya, ya yi masa magana kamar yadda babba yake lallashin yaro, yana nuna masa cewa abin da ya firgita shi bai kai yadda ya zata ba.

Gordon Allport na Jami'ar Harvard, a littafinsa na 1937, ya sanya iya duban kai daga waje cikin alamomin cikar hankali, ya kuma ce sanin kai da raha tare suke tafiya. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Ostiriya wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya ba da labari a littafinsa na 1946 cewa shi da wani abokinsa likita sun yi alkawarin kowace rana su ƙago labari ɗaya mai ban dariya a kan abin da zai faru bayan an sake su. Daga baya ya yi amfani da wannan a wajen magani. Wani likita da ke fama da tsoron yin gumi a gaban mutane, wanda tsoron kansa ke ƙara masa gumin, sai Frankl ya ba shi shawarar ya ƙudura a ransa cewa yau zai nuna wa jama'a iyakar gumin da ɗan'adam zai iya yi. Da ya mai da abin wasa, tsoron ya rasa abin kamawa. George Vaillant kuma, wanda ya bi rayuwar wasu tsofaffin ɗaliban Harvard shekaru da dama, ya sanya raha a 1977 cikin garkuwoyin zuciya mafi inganci.

Akwai wani labari da ya fi waɗannan yaɗuwa, amma ya fi su rauni. Norman Cousins, ɗan jarida a Amurka, ya kamu da ciwon gaɓoɓi mai tsanani a 1964, ya kuma rubuta a 1979 cewa dariyar minti 10 takan ba shi barcin awa 2 ba tare da zogi ba. Labarin mutum ɗaya ne, kuma yana shan wasu abubuwan a lokacin, don haka ba ya zama hujja. Abin da ya fi shi ƙarfi shi ne gwajin Robin Dunbar da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford, wanda aka buga a 2012, inda aka ga juriyar zafi ta ƙaru ga mutanen da suka yi dariya tare da wasu. Sun danganta haka da sinadarin endofin da jiki ke fitarwa.

Sai dai binciken da ya fi amfani ga mai nazarin Hausa shi ne na Rod Martin da abokansa a ƙasar Kanada. A 2003 sun fito da ma'auni mai tambayoyi 32, suka kasa raha gida 4: ta haɗa zumunta, ta ƙarfafa wa kai zuciya a lokacin wahala, ta cin zarafin wani, da ta kayar da kai don neman karɓuwa a wurin mutane. Biyun farko an same su tare da kwanciyar hankali da ganin darajar kai. Ta huɗu kuwa an same ta tare da damuwa da fargaba da raina kai. Mai karatu zai ga cewa ta biyu ita ce jimla ta (4) a sama, ta huɗu kuma jimla ta (5). Abin da ma'aunin ya raba da alƙaluma, nahawun Hausa ya riga ya raba shi da aikatau.

Ba a rufe ƙofar muhawara ba. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Granada ta ƙasar Sifen, aka buga a 2018, ya sami masu yawan yi wa kansu ba'a cikin waɗanda suka fi nuna farin ciki, saɓanin abin da aka gani a Kanada. Wannan ya nuna cewa ma'anar yi wa kai ba'a tana sauyawa daga al'umma zuwa al'umma, kuma ba a iya ɗauko sakamakon wata ƙasa a ɗora wa Sakkwato ko Damagaram kai tsaye.

4.0 Makarantar Barkwanci

Ba a haifar mutum da iya yi wa kansa dariya. Koya yake yi, kuma matakin farko shi ne ya ga an yi masa dariya, gari ya waye bai mutu ba. Al'adar Hausawa ta tanadi wuraren da ake yin wannan horo ba tare da haɗari ba.

Na farko yana cikin gida. Tsakanin uba da ɗa akwai nauyi, musamman ɗan fari, wanda iyaye da yawa ba sa ko kiran sunansa. Amma tsakanin kaka da jika babu wannan shamaki. Kaka mace takan kira jikanta mijinta, ta ce ya cika rowa, bai kawo kuɗin cefane ba. Kaka namiji yakan kira jikarsa amaryarsa, ya kushe girkinta ko kitsonta. Yaro kuma yana da izinin ramawa, ya ce da tsohuwa haƙoranta sun ƙare, ita ma ta yi dariya ta ce ai goro ne ya cinye su. A nan yaro yake fara jin ana ambaton gajartarsa, ko girman kansa, ko kukan da ya yi jiya, daga bakin da ya tabbata yana ƙaunarsa. Nan kuma yake fara ganin babban mutum ya amsa aibinsa da fara'a. Idan aka koma ga bayanin Freud, za a ga ya kamata a ɗan gyara shi kafin ya zauna a ƙasar Hausa: muryar da ke sassauta wa mutum a cikin zuciyarsa ba ta uba ba ce, ta kaka ce.

Na biyu shi ne wasan taubasai, wato tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, 'ya'yan wa da ƙanwa ko ya da ƙane. Wannan ya fi na kaka zafi, domin tsakanin tsara ne, har da ƙwace hula da neman kuɗin shara a watan cika-ciki. Daga nan wasan ya faɗaɗa zuwa garuruwa da ƙabilu da sana'o'i: Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Tibi, maƙera da Buzaye. Radcliffe-Brown (1940) ya bayyana irin wannan dangantaka da cewa raini ne da aka halatta, wanda ke tsare zumunci a inda ake tsoron saɓani. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki al'adar da muhimmancin da har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin jerin al'adun gado na ɗan'adam a 2014.

Masana sun fi mai da hankali a kan amfanin wannan wasa ga zaman lafiyar jama'a. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne abin da yake yi wa mutum ɗaya a cikin ransa. Dokar wasan ita ce ba a fushi. Wanda abokin wasansa ya kira shi bawa a tsakiyar kasuwa, ko alhaji ne mai rawani, ba shi da mafita sai ɗaya daga cikin biyu: ya rama da wadda ta fi ta, ko ya karɓa ya ƙara mata gishiri. Gwanayen wasa sun san ta biyun ta fi kashe baki. Idan Bazazzagi ya ce da Bakano ba abin da ya sani sai kuɗi, Bakanon ya amsa cewa gaskiya ne, kuma ko wannan zagin sai an biya shi kafin ya saurara, to an gama. Ya ɗauki makamin ya rataya a kafaɗarsa. Wanda ya yi shekara 30 yana irin wannan atisaye, ranar da ya yi tuntuɓe a gaban jama'a ba zai rasa abin faɗa ba.

Wannan ya fi fitowa fili ga Hausawan da ke zaune a wajen ƙasarsu. A Sabo ta Ibadan, wadda Abner Cohen ya yi nazarinta a littafinsa na 1969, ko a Agege ta Legas, baƙo kullum yana cikin halin da za a iya yi masa dariya: harshensa ya karkace wajen karin sautin Yarbanci, ko ya furta f a inda Turanci ke son p. Akwai wanda wannan ke sa shi ya kame bakinsa, ya taƙaita hulɗarsa ga 'yan garinsu. Akwai kuma wanda zai riga kowa ba da labarin ranar da ya je sayen abu ya ambaci wani abin daban. Malaman koyar da harshe sun san wanne daga cikin biyun yake saurin iya magana. Bagobirin da ya sauka a ƙasar Yarbawa ma ya tarar da riga a ɗinke, tun da al'ada ta ba shi abokan wasa gari guda.

Laƙabi ma wata hanya ce. Dogo da Gajere da Duna da Jatau da Cindo duk sunaye ne da suka kama wata siffa ta jiki suka bayyana ta, kuma masu su sukan amsa har tsufa ba tare da jin komai ba. Abin da aka kira da suna a fili ya daina zama abin raɗa. Adamu Wayya, makaɗin kuntigi da ya rasu a 2015, ya rasa iyayensa tun yana ƙarami, sai ya ɗauki maraicin ya mai da shi sunan da duniya ta san shi da shi, Ɗan Maraya Jos. Amma sharaɗin laƙabi shi ne mai shi ya amsa. Wanda aka liƙa wa mutum yana ƙi, wannan shi ne jifa da sunaye da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana, tare da izgili.

5.0 A Cikin Adabi

Gizo na tatsuniya makwaɗaici ne, maƙaryaci, matsoraci, ga tsamin baki, kuma sau da yawa dabararsa a kansa take ƙarewa. Duk da haka ba a ƙinsa. Yaran da ke dariyar Gizo sun san kwaɗayin da ake faɗa, domin da rana sun saci ƙuli-ƙuli. Tatsuniya ta ba su hanyar duban halinsu a jikin wani.

A rubutaccen adabi, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar 1933 aka buga shi a 1934, misali ne mai kyau. Mai ba da labarin, Alhaji Imam, da bakinsa yake zayyana yadda shi da Malam Zurƙe suka riƙa yi wa juna tsiya gari-gari, kuma ba ya ɓoye wuraren da shi ne ya kwashi kashinsa a hannu. Yana faɗinsu ne daga matsayin wanda ya riga ya dawo gida da abin da ya fita nema. Wannan ya nuna wani sharaɗi na yi wa kai dariya, wato tazara. Abin da ya sa mutum kuka bara shi ne labarin da zai ba da a majalisa bana. Ga kuma marubucin ya ba wannan tauraro sunan da ya yi kama da nasa, abin da mai tsananin jin kai ba zai yi ba.

'Yan kama, waɗanda Gidley (1967) ya yi nazarin sana'arsu, sukan kwaikwayi malamai da manyan mawaƙa, su juya karatu da waƙa su koma zancen tuwo da miya. Ɗan kama yakan nuna kansa a matsayin mayunwacin da ba ya ƙoshi, kuma wannan kayar da kai da ya fara yi ita ke ba shi lasisin taɓa manya. A zamanin rediyo da talabijin, Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi irin wannan da wasan Samanja. Tsohon soja ne, ya fito a matsayin soja mai ihu da Hausar bariki gauraye da Turanci, sojoji kuma suna cikin masu kallonsa. Da farar hula ne ya yi, da an ce raini ne.

6.0 Inda Haƙorin Dariya ke Cizo

Kuskure ne a ɗauka duk wata raha ta gargajiya magani ce. Hausawa da kansu sun ce haƙorin dariya shi ke cizo. A tashen watan azumi a Kano, Nalako da jama'arsa sukan bi gidajen gwagware da kiɗa, a ɗaura wa wanda aka kama igiya a zaga da shi. Ga wanda ya rabu da matarsa cikin sauƙi, yana kuma shirin sake aure, wasa ne, har ya taya su rawa. Ga wanda rashin abin hannu ya hana shi aure, ko wanda rabuwar ta bar masa miki, wannan dare ba ya cikin dararen da zai so tunawa. Wasan ɗaya ne, amma a wurin na farko jimla ta (4) ce, a wurin na biyu ta (3).

Haka karin maganar da ake sanya wa naƙasassu a baki. Idan aka ce “Ta nan muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasbi”, an nuna kuturu a matsayin mai raha da ciwonsa, wanda ya karɓi halinsa har yana tsokanar na baya. Amma wa ya ƙagi maganar, kuma a gaban wa ake faɗinta? In mai ciwon ne ya faɗa, ƙarfin zuciya ne. In mai lafiya ne ya ara masa baki don a yi nishaɗi, to an yi masa dariya sau biyu ke nan, an kuma ce shi ya fara. Dariyar kai mallakar mai ita ce, ba a yi wa wani ita a madadinsa.

Akwai kuma mutanen da tsoron a yi musu dariya ya zame musu ciwo, har sukan ji ana dariya a nesa su ɗauka da su ake. Proyer da Ruch da abokan aikinsu sun auna wannan hali a ƙasashe 73 a wani bincike da aka buga a 2009, suka same shi ko'ina, sai dai yawansa ya bambanta. Irin wannan mutum ba ya warkewa da a ƙara tsokanarsa don ya saba. A al'ummar da ke yabon kunya, yana da sauƙi a ɗauki ciwonsa a matsayin kyakkyawan hali, a ce ai wane mutum ne mai kawaici, alhali a ɗaure yake.

Na ƙarshe kuma mafi wuyar ganewa shi ne mai yaƙe. Shi ne wanda majalisa ba ta daɗi sai da shi, kullum shi ne jakin labarinsa, yana zagin talaucinsa da muninsa da rashin sa'arsa kafin kowa ya buɗe baki. Ana iya rarrabe shi da mai lafiyayyar raha ta hanyoyin da harshe ke nunawa. Mai lafiya yana dariyar abin da ya yi: “Yau na tafka wauta.” Mai yaƙe yana yanke hukunci a kan abin da yake: “Ni ai ban taɓa amfanar kowa ba.” Jimlar farko tana da lokaci, ta wuce. Ta biyu ba ta da ranar ƙarewa. Haka kuma mai lafiya yana iya cewa “wasan ya isa” a ji shi, shi kuwa mai yaƙe ba ya iyawa, domin yana ganin in ya daina ba da dariya ba sauran dalilin da za a zauna da shi. Idan irin wannan magana ta haɗu da rashin barci, da ƙin abinci, da janyewa daga mutane, ko ta fara ambaton gara mutuwa ko da cikin wasa ne, to ba ta majalisa ba ce kuma, ta asibiti ce.

Tun 1954 T. Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan aka zaunar da su a ƙauye tare da danginsu, aka haɗa ilimin asibiti da abin da jama'a suka saba. A Janairun 2023 aka sanya hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, kuma aiwatar da ita yana buƙatar bayani ga jama'a cikin harsunansu. Mai fassarar da aka ba shawarar masana ya juya ta zuwa Hausa, in ya rubuta “ka riƙa yi wa kanka ba'a” ko “ka mai da kanka abin dariya”, ya aika saƙon da dattijo zai kashe rediyo a kansa, mai yaƙe kuma ya ji an ƙarfafa masa gwiwa. In kuwa ya ce mutum ya riƙa ɗaukar kuskurensa da raha, ya yi wa kansa irin wasan da kakarsa take yi masa, babu mai jin Hausa da zai nemi ƙarin bayani.